Bilan ɗin Mainassara da Takarkarin Goggo Ɗela

A zamanin Nasara, kaf ƙasar Magariya ba a yi attajirin da ya kama ƙafar Mainassara na Yekuwa ba. Abin da ya ɗan rage wa al'amarin armashi shi ne, dukiyar ba ta taɓa kwana a gidansa ba.

Mainassara ya yi ƴan shekaru a duwatsun Abzin, wurin wani kamfanin Nasara mai haƙar kuza. In ka ji yana ba da labari, sai ka rantse shi ya nuna wa Nasaran inda kuzar take. Gaskiyar magana falanto ne, wato masinja, a biro, ofishin kwantabul mai lissafin kuɗin kamfani. Aikinsa shara, buɗe ƙofa, korar ƙuda da kawo kafe, wato gahawa. Amma Allah ya ba shi kunne, ya kuma tsinci Faransanci daidai na ɓata wa mutane rai.

Ƙarshen kowace shekara kwantabul yakan shimfiɗa wata faffaɗar takarda mai gefe biyu gaban darekta, wadda suke kira bilan, ya karanta masa. Gefen hagu shi ne abin da kamfani ya mallaka: motoci, injuna, kuzar da ke jibge, kuɗin da ke akwati. Sai wani layi da ya tsaya wa Mainassara a rai, na takardun da masu sayen kuza suka sa wa hannu, cewa za su biya kuɗi kaza ran kaza. Su ma cikin dukiya kwantabul yake lissafa su, kafaɗa da kafaɗa da tsabar kuɗi. To, da an gama gefen hagu maƙogwaron darekta yake bushewa, sai a aiki Mainassara ya kawo kafe. Kafin ya dawo an naɗe takarda. Haka aka yi ta yi har ya bar aiki. Gefen dama, inda ake rubuta abin da ake bin kamfani, bai taɓa jin ko harafi ɗaya daga cikinsa ba, bai kuma ji a jikinsa ya rasa komai ba.

Ya dawo Yekuwa da hular kwano, da alƙalamin ƙarfe, da sirrin arzikin Nasara. Ranar da ya sauka ma bai bari ƙurar ƙafarsa ta kwanta ba, ya nufi gindin tsamiya inda maza ke hira.

Ya ce, "Ku dai kuna nan kuna fama da gero da gyaɗa. Nasara ba da kuɗi ya fi ku ba, da takarda ya fi ku. Mutum ya ce zai biya ka, ya dangwala yatsa, shi ke nan ka yi arziki."

Haruna mahauci ya ce, "Ko bai biya ba?"

"Kai Haruna, wa ke maganar biya? Maganar dukiya ake yi."

"Ashe ni ma attajiri ne ban sani ba. Rabin garin nan sun ci tsirena bashi."

"Sun dangwala yatsa?"

"A'a. Sun dai lashe shi."

Mainassara ya dube shi da tausayi, irin wanda likita ke yi wa marar lafiyan da ya zo a makare. Nan take ya ba da sanarwar kafa kamfanin haƙar ma'adini na Yekuwa, ya kuma roƙi jama'a su riƙa ce masa Mushe Darekta, wato Malam Darekta da Faransanci.

Kamfani yana bukatar wurin haƙa da abin ɗaukar kaya, duka biyun kuwa Goggo Ɗela ke da su. Ƙanwar ubansa ce, ita ta goya shi, saboda haka ta san shi tun ba ya ƙarya sai kuka. Tana da ƴar gona a bakin kwari, tana da takarkari guda. Takarkarin nan shi ne cinta, shi ne suturarta, don da shi take kai wa mutane gyaɗa Magariya lokacin ciniki a ba ta lada.

Ta ce, "Ɗan nan, gona ka haƙa, ba inda za ta. Amma takarkarin nan aro na ba ka. In ya yi ko ɗingishi, kai za ka ɗauki mangala."

"Goggo, nan da baɗi raƙuma zan saya miki."

"Ni dai ka dawo mini da wanda na sani."

Ya ɗauki ƙarti biyu, Ayuba da Abdu, ya ce lada sai ƙarshen wata kamar yadda ake yi a Abzin. Suka kama haƙa. Suka haƙa har kansu ya ɓace a rami, ba kuza ba dalilinta. Abin da ya fito farar ƙasa ce, irin wadda matan Yekuwa suka gaji ɗiba kyauta a gefen kwarin nan suna shafe ɗaki. Mainassara ya murza ta a yatsa, ya sansana, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce ma'adini ma'adini ne.

Wadda ta fara zuwa saye Ƙande ce mai ƙosai, don ƙafarta na ciwo ba ta iya gangarawa kwari. Ta kwance bakin zane ta miƙo dala ɗaya.

Mainassara ya ja da baya kamar ta miƙo kunama. "Mayar da abinki, Ƙande. Dala uku ne kwando, amma a takarda."

"Yaushe zan biya?"

"Bayan kaka."

"Yanzu ba ka son kuɗin?"

"Ɗaya da uku wanne ya fi?"

Ƙande ta ƙulle dalarta, ta dangwala yatsa, ta ɗauki kwando. Kafin la'asar ba gidan da labari bai shiga ba.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Abin da ya fi burge Mainassara shi ne ba wanda ya taɓa yin tayi. Mutanen da za su yini suna jayayya kan ƙwayar goro, in ya ce uku sai su ce madalla. Ya mayar da kwando dala biyar, suka ce ai ya yi araha. Ya kai goma, Haruna ya ce a ba shi huɗu, ya shafe har bangon makewayi. Wani Modu ya zo tun daga Mallawa ya ce a kai masa kaya goma har gida, takarkarin Goggo ya yi ta safa da marwa har ƙashin bayansa ya fara leƙowa. Yekuwa ta yi fari fat, matafiya suka riƙa tambaya ko sabon bariki ne.

Akwai ɗan abu guda. Mainassara ya iya rubuta lamba, amma haruffa ba su taɓa shiri da shi ba. Bai damu ba, tunda ya ji kwantabul ya ce zanen yatsan kowa daban Allah ya yi shi, suna kuwa ana iya tarayya. Saboda haka kowace takarda lamba ce da dangwale. Tawadar ta malamai ce, mai kauri, yatsun kuwa na manoma, sai kowane dangwale ya fito kamar an taka kashin akuya.

Da jakar fata ta cika ta batse, ya zana bilan ɗinsa da kansa, gefe ɗaya tak, ya tafi cin kasuwar Magariya. Ya zauna a rumfar masu goro, ya cire hular kwano ya ɗora a gwiwa, ya karanta wa duk mai kunne: rami ɗaya, dagi biyu, takarkari ɗaya, takardun alkawari na dala dubu biyu.

Wani mutum mai farar riga da tabarau da ke gefe ya matso, ya miƙa masa goro. "Mushe Darekta, a ɗan maimaita mini sannu a hankali. Dubu nawa?"

Mainassara ya ji daɗin samun mai fahimta. Ya maimaita, ya ƙara ɗari biyar don kada maimaicin ya zama na banza.

"Takarkarin ma na kamfani ne?"

"To da na wa?"

Mai tabarau ya rubuta. Shi ne Ɗalha, komi, wato akawun kumandan mai mulkin Magariya, wanda ke yanka wa ƴan kasuwa fatanti, harajin ciniki, gwargwadon ƙarfin kowa. Ya daɗe yana fama da attajiran Magariya masu rantsuwa ba su da ko tamma, yau Allah ya kawo masa wanda ke ƙari da kansa. Ya yanka masa fatantin manyan ƴan kasuwa, dala ɗari biyu, tsaba, a kawo biro ran kasuwa mai zuwa. In babu, a kama kayan kamfani.

Mainassara ya koma gida yana taƙama an sa shi layi ɗaya da Larabawan kanti. Sai da ya gaya wa Goggo Ɗela ya lura kayan kamfani da za a iya ja da igiya guda ɗaya ne, ga shi can ɗaure a turke yana tuƙa.

Goggo ta ajiye taɓarya. "Maimaita."

"Ai tsari ne kawai, Goggo. Dala ɗari biyu cikin dubu biyu, gobe kafin azahar na tara."

"Allah ya sa. In ba haka ba, ni da kai ne a garin nan."

Washegari ya rataya jaka ya fara da Haruna. Ya zazzage takardu kan tabarma.

Haruna ya ce, "Ni ba na musun bashi. Nuna mini tawa."

Mainassara ya ɗauki wata, ya kama babban yatsan Haruna ya kara kusa da dangwale, ya runtse ido ɗaya. Ya ɗauki wata. Ya ɗauki ta uku. Duka sun yi kama da yatsan, duka kuma sun yi kama da juna.

"Wannan ce."

"Wannan ta dala uku? To madalla."

"A'a, tsaya. Wannan ce, ta arba'in."

"Haba Darekta, dubi ƙanƙantarta. Wannan yatsan mace ne. Kada ka sa mijin wata ya ji na dangwala da yatsan matarsa."

Yara suka taru, manya suka biyo. Mainassara ya bi gari yana kama yatsun mutane. Ƙande ta sha lalle har wuyan hannu, ta ce ya dawo in ya goge. Wani ya ce lauje ya yanke shi bara waccan, tabon kuwa babu a takarda. Wani tsoho ya rantse da hagu ya dangwala, ya miƙo dama. Liman ya ce bashi wajibi ne a biya shi, amma an ce bayan kaka, ga shi gero ko bununi bai yi ba. Wannan hujja ta yi wa kowa daɗi, har waɗanda suka riga suka ce ba su ci bashi ba suka koma kanta.

Da Haruna ya ga ya jigata sai ya kira shi gefe. "Darekta, kada mu yi haka da kai. Yaga ta arba'in ɗin, in dangwala maka sabuwa ta hamsin, zuwa kakar baɗi."

Mainassara ya auna maganar. Tsaba yake nema. Amma hamsin ta fi arba'in, wannan ko a Abzin haka yake. Ya ciro tawada.

Da jama'a suka ga hanya, sai aka yi layi. Kafin rana ta faɗi dukiyarsa ta haura dubu uku.

Ya kama hanyar Mallawa wurin Modu, mai kaya goma. Ya tarar da gida fari tas har da rumbu, maigida kuwa babu. Matarsa ta ce daga bayan zana, ya tafi gonarsa.

"Ina gonar?"

"Ga ta can bayan kukar nan. Amma fa kukar ce iyaka, can ƙasar Ingilishi ce."

Mainassara ya tsaya wannan gefen kuka ya ƙwala kira. Modu ya ɗago daga noma, ya dogara da hauya, ya gaishe shi da kyau, ya tambayi mutanen gida. Sa'annan ya ce shi a halin yanzu talakan Ingila ne, bashin dala ba ya hawa kansa sai ya tsallako, kuma aiki ya yi masa yawa wannan makon. In Darekta na so, ya jefo takarda da dutse ya ƙara masa dangwale.

Ya jefa.

Ya iso gida da yunwa kamar ya ci babu. Goggo ta ajiye masa akushi a rufe da faifai. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya buɗe. Takarda ce a ciki, da dangwalen baƙin tukunya.

"Mene ne wannan, Goggo?"

"Tuwo ne da miyar kuka. Malmala uku. Bayan kaka."

"Goggo, yunwa nake ji."

"Ɗaya da uku wanne ya fi? Ci ka ƙoshi, ɗan nan."

Ran kasuwa aka hallara gaban biro a Magariya. Rabin Yekuwa sun biyo, wai sun zo sayen gishiri. Kumandan ya fito baranda, wani dogon Nasara mai jan wuya, Ɗalha na gefensa yana tafinta. Gardi, dogarin kumandan, ya tsaya kusa da takarkari, wanda Goggo Ɗela ta riƙe igiyarsa da hannu biyu.

Mainassara ya gyara hular kwano, ya sara wa kumandan, ya zaɓo takardu na dala ɗari biyu da hamsin ya ɗora a tebur. Ya ce hamsin ɗin na sama goro ne.

Kumandan ya ɗaga ɗaya ya duba ta gaba, ya duba ta baya, ya yi magana.

Ɗalha ya ce, "Ya ce wa zai biya wannan?"

Mainassara ya waiwaya ga jama'a. Duk hannayen Yekuwa suka shige aljihu.

Sai ya fito da bilan, don a san ba da ƙaramin mutum ake magana ba. Kumandan ya karɓa, fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a daji. Ya bi layi da yatsa har ƙasa, ya juya takarda, ya sake juyowa.

"Ya ce ina ɗaya gefen?"

"Wane gefe?"

"Gefen waɗanda ke bin kamfani."

Mainassara ya yi murmushi. "Gaya masa a Abzin ba ma yin wannan. Lokacin kafe ne."

Ayuba ya matso daga cikin taro, Abdu na bayansa. "Ranka ya daɗe, in masu bi ake nema, ga mu. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ya sake zuwa." Wanda ya sayar masa da takarda bashi ya ɗaga hannu. Malamin da ya dafa tawada ya yi gyaran murya. Goggo ta ce a sa ladan takarkari, da ramin da aka yi mata a gona, da tuwon shekara talatin.

Kumandan ya ce shi duk wannan bai dame shi ba. Bilan ya nuna attajiri, attajiri bai biya ba, a kama abin da ke tafiya da ƙafarsa. Gardi ya kai hannu ga igiya.

Goggo Ɗela ba ta yi kururuwa ba. Ta saki igiya, ta sauke jakar fata daga kafaɗar Mainassara kamar za ta rage masa kaya, ta tattara har na kan tebur ta cusa. Ta kwance ƙullin dusa da kanwa da ta zo da shi don abincin dabbarta, ta juye a ciki, ta girgiza, ta buɗe bakin jaka gaban takarkari. Dabbar da ta yi wata da watanni tana jigilar ƙasa ba ta tsaya tambaya ba.

Mainassara ya yi tsalle. "Goggo! Dubu uku da ɗari huɗu!"

"Bar shi ya ci. Shi ya yi wahalarsu."

Ya kama jaka yana ja, takarkari ya kaɗa kai sau ɗaya, Darekta ya zauna a ƙasa, hular kwano ta gangara ƙarƙashin baranda. Abin da ya tsira a hannunsa kusurwar takarda ce mai rabin dangwale.

Goggo ta juya ga Ɗalha. "Ɗana, tambayi Nasaran, wace dukiya?"

Ɗalha, wanda ya ga fatantinsa na shiga ciki, ya ce ai yanzu ma dukiyar kamfani duk tana cikin takarkari, dalilin kama shi ya ƙaru.

Haruna ya ce, "A yi haƙuri zuwa safiya, ranka ya daɗe, za ta fito. Sai komi ya zo da kwando ya ƙirga."

Ba a fassara wa kumandan wannan ba, amma ya ga gardinsa ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Ya buga tebur, ya ce tambaya ɗaya ta rage, kuma daga bakin Darekta yake son amsa: takarkarin na wane ne?

Mainassara ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya dubi jama'a, ya dubi kumandan. Sa'annan ya dubi Goggo, wadda ta riga ta tuɓe takalmi ɗaya ta riƙe.

"Na kamfani ne," ya ce, "ta fuskar aro."

"To kamfanin, me ya mallaka?"

"Rami."

Abdu ya ce, "A gonar Goggo."

Aka nemi shaidu. Mutanen Yekuwa, waɗanda ba su taɓa haɗa baki kan ganin wata ba, suka shaida da murya ɗaya cewa takarkari na Ɗela ne, Mainassara kuwa ba shi da komai, ba ya kuma bin kowa komai. Liman ya shafa fatiha.

Kumandan ya soke fatanti. Amma don ɓata masa safiya da aka yi, ya ce Darekta ya shafe bangon biro ciki da waje da ma'adinin nasa, a kansa zai ɗauko, tunda kamfani ba shi da dabba. Da yake mutum ne mai son tsari, da aka gama ya rubuta ƴar takarda ta dala biyar kuɗin ƙasa, ya sa hannu, ya ce a zo a karɓa in kuɗin gyaran gini sun iso.

Goggo ta ja takarkarinta gida. Mainassara ya biyo bayan kwana biyu, fari fat kamar fatalwa, ya wuce kai tsaye gindin tsamiya yana kaɗa takarda.

"Ku kun ci bashina kun hana. To yau Nasara da kansa nake bi. Da sa hannu, ba kashin akuya ba."

Haruna ya ce, "Allah ya sa alheri. Yaushe za a biya?"

"Kai Haruna, har yanzu ba ka waye ba."

Kafin kaka aka yi wa kumandan canji. Mainassara ya kai wa sabon kumandan takardar. Nasaran ya ɗaga ta, ya kara kusa da ido, ya ce wannan ba hannunsa ba ne.